Yadda ake sa suwic biyu su riƙe ƙofar fita ɗaya da HSRP ko VRRP

Kowace kwamfuta a cikin netwok adireshin ƙofar fita guda ɗaya tal ta sani. Ko tsarin raba adireshi na DHCP ne ya ba ta, ko wani ya rubuta mata da hannu, duk fakitin da zai bar sashenta ta nan zai bi. Ranar da na'urar da ke riƙe da adireshin ta mutu, kwamfutar ba ta da dabarar neman wata. Haka za ta yi ta sallama a ƙofar da babu kowa, ko da kuwa akwai suwic na biyu lafiya ƙalau a gefen na farkon.

Maganin shi ne a haɗa suwic biyu masu iya aikin rauta a rukuni ɗaya, a ba rukunin adireshin IP na tarayya da adireshin MAC (lambar shaidar katin netwok) na tarayya. Ɗaya ya zama jagora mai amsa sunan adireshin, ɗayan ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana yana sauraren gaisuwar da jagoran ke aikowa lokaci-lokaci. Da zarar gaisuwa ta ɗauke, sai na ko-ta-kwana ya karɓi IP ɗin da MAC ɗin gaba ɗaya, ya watsa sanarwar ARP (saƙon da ke faɗin wane MAC ke riƙe da wane IP) ba tare da an tambaye shi ba, domin sauran suwic su gane cewa MAC ɗin ya koma wata kafa. Kwamfutocin ba sa canza komai a ma'ajiyarsu ta ARP, don MAC ɗin da suka sani shi ne dai har yanzu.

HSRP ko VRRP

HSRP da VRRP ƙa'idoji ne da ke yin wannan aikin. HSRP na kamfanin Cisco ne, an yi bayaninsa a takardar ƙa'ida ta RFC 2281 a shekarar 1998. VRRP kuwa na kowa da kowa ne: siga ta 2 tana RFC 3768 na 2004, siga ta 3 mai ɗaukar IPv4 da IPv6 ta fara fitowa a RFC 5798 na 2010. Idan suwic biyun duka Cisco ne, kowanne ka ɗauka zai yi. Idan kamfanoninsu daban ne, ko kana tsammanin wata rana za a sauya ɗaya da na wani kamfani, VRRP za ka bi. Ba a gauraya su a rukuni ɗaya, ba sa jin yaren juna.

Bambancin da ke da tasiri a aiki kaɗan ne. HSRP yana gaisuwa kowane daƙiƙa 3, yana jiran daƙiƙa 10 kafin ya yanke cewa jagora ya tafi. VRRP yana sanarwa kowace daƙiƙa 1, na ko-ta-kwana yana jiran sanarwa uku da ɗan ƙari da ake lissafawa daga lambar fifikonsa, wanda ga mai fifiko 100 ya kama wajen daƙiƙa 3.6. Babban bambancin shi ne batun karɓe ragama (`preempt`), wato mai fifiko mafi girma ya ƙwace jagoranci daga wanda ke kai: a VRRP a kunne yake tun daga farko, a HSRP a kashe yake sai ka kunna da kanka. Wannan kaɗai ya jefa mutane da yawa cikin ruɗani, za mu dawo kansa.

Akwai kuma GLBP, shi ma na Cisco, mai raba kaya tsakanin na'urori har huɗu a kan adireshi ɗaya. A tsarin da Spanning Tree, mai hana madauki a netwok, ke toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da ke hawa zuwa suwic biyun, amfaninsa bai kai wahalarsa ba, don rabin zirga-zirgar sai ta yi zagaye. Idan kuma suwic ɗin naka an ɗaure su da StackWise sun zama kamar na'ura guda, ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan a tsakaninsu.

Kafin ka taɓa allon umarni

Kowane VLAN, wato sashen netwok da aka keɓe a cikin suwic, adireshi uku zai ci. A misalinmu VLAN 10 yana kan 10.10.10.0/24. Adireshin tarayya 10.10.10.1, suwic A yana da 10.10.10.2, suwic B yana da 10.10.10.3. Na tarayyar shi DHCP zai riƙa rabawa a matsayin ƙofar fita, kuma dole a cire ukun daga jerin da yake rabawa. Idan netwok ɗin yana aiki tuntuni kuma kwamfutoci sun saba da .1 a jikin suwic A, sai ka mayar da A zuwa .2, ka bar .1 ya zama na tarayya. MAC ɗin ƙofar zai canza a wannan lokacin, saboda haka a yi shi a lokacin da aka ware don gyara. Wasu tsofaffin firintoci da kyamarori ba sa kula sanarwar ARP, sai an kashe su an kunna.

Abu uku za ka tabbatar. Na farko, `ip routing` a kunne yake a suwic biyun. Na biyu, VLAN ɗin yana nan a duka biyun kuma tirank ɗin da ke tsakaninsu, wato wayar da ke ɗaukar VLAN da yawa, yana barinsa ya wuce. Duba da `show interfaces trunk`, kada ka tsaya a jerin waɗanda aka yarje wa, ka duba jerin ƙarshe na waɗanda Spanning Tree bai toshe ba. Na uku, daga A ka yi `ping` zuwa 10.10.10.3 ya amsa. In bai amsa ba, tsaya nan. Duk abin da ka ɗora a kan wannan ba zai zauna ba.

Saitin HSRP

A suwic A:

```
interface Vlan10
 ip address 10.10.10.2 255.255.255.0
 standby version 2
 standby 10 ip 10.10.10.1
 standby 10 priority 110
 standby 10 preempt delay minimum 60
```

A suwic B:

```
interface Vlan10
 ip address 10.10.10.3 255.255.255.0
 standby version 2
 standby 10 ip 10.10.10.1
 standby 10 preempt
```

Siga ta 2 ta fi dacewa a sabon aiki. Siga ta 1 lambar rukuni 0 zuwa 255 kawai take karɓa, ta 2 tana kaiwa 4095, don haka kana iya sa lambar rukuni ta zama daidai da lambar VLAN, wanda ke sauƙaƙa bincike daga baya. Siga ta 1 tana aika gaisuwa zuwa 224.0.0.2, ta 2 zuwa 224.0.0.102, dukansu ta UDP 1985. Tunda adireshin ya bambanta, idan A yana siga ta 2 B yana ta 1, ba za su taɓa jin juna ba.

Lambar rukunin tana fitowa a ƙarshen MAC na tarayya, a rubutun heksa, inda 10 ke zama 0a. Rukuni na 10 a siga ta 2 zai ba da 0000.0c9f.f00a, a siga ta 1 kuma 0000.0c07.ac0a. Haddace waɗannan na da amfani: da ka kalli `arp -a` a kwamfuta za ka san ko ƙofar tarayya take bi ko kuwa MAC na ainihi na wani suwic.

Fifiko na asali 100 ne, mai lamba mafi girma shi ke jagoranci. In sun yi kunnen doki, mai adireshin IP mafi girma ke ci, wato B a misalinmu, wanda wataƙila ba shi ka yi niyya ba. Shi ya sa aka ba A 110.

Jinkirin daƙiƙa 60 ɗin nan ba ado ba ne. Idan A ya mutu ya dawo, VLAN ɗinsa kan tashi kafin ƙa'idojin rauta irin su OSPF ko BGP su gama koyo hanyoyin waje. In ya karɓe ragama nan take, zai riƙa karɓar fakiti alhali bai san inda zai kai su ba, sai ya zubar. Mutane za su ga netwok ya yanke a daidai lokacin da aka ce an gyara. Auna tsawon lokacin da suwic ɗinka ke ɗauka daga tashin kafofinsa zuwa cikar teburin hanyoyi, ka ƙara wani abu a kai. Manyan suwic masu katuna da yawa na iya buƙatar fiye da 60.

Yana da kyau a sa kalmar sirri, iri ɗaya a ɓangarorin biyu:

```
 standby 10 authentication md5 key-string KALMARKA
```

In ba ka sa ba, HSRP yana amfani da kalmar "cisco" a fili, kuma duk na'urar da aka jona a VLAN ɗin tana iya shelanta fifiko 255 ta janye zirga-zirgar kowa zuwa kanta.

Sa ido kan hanyar sama

Nan ne yawancin saiti ke da rami. Rukunin gaisuwar cikin VLAN kawai yake saurare. Idan wayar da ta haɗa A da sama, wato hanyarsa ta fita waje, ta yanke amma A ɗin yana raye, zai ci gaba da gaisuwa, B zai ci gaba da zama, kwamfutoci kuwa suna ta tura kaya ga wanda ba shi da hanyar fita. Sai an gaya wa A ya rage wa kansa fifiko idan hanyarsa ta faɗi:

```
track 1 interface TenGigabitEthernet1/0/1 line-protocol
!
interface Vlan10
 standby 10 track 1 decrement 20
```

Yi lissafin da kyau. 110 a cire 20 saura 90, ƙasa da 100 na B, don haka B zai karɓa. In ka bar ragin a kan na asali, wato 10, A zai sauko 100 daidai da B, kuma kunnen doki ba ya tsige jagoran da ke kan kujera. Sannan dole `preempt` ya kasance a B ma. Da yawa suna sa shi a A kaɗai, da tunanin shi ne zai buƙaci dawowa. Amma idan fifikon A ya sauko yana raye, B ne zai ƙwace, kuma in ba a ba shi izini ba zai ga 90 ya yi shiru.

Kallon kafa yana gano yankewar waya ne kawai. In matsalar tana can gaba, misali akwai na'urar sauya waya zuwa faiba a tsakani wadda ke barin kafar a kunne, sai a koma ga gwajin isa:

```
ip sla 1
 icmp-echo 192.0.2.1 source-interface TenGigabitEthernet1/0/1
 frequency 5
ip sla schedule 1 life forever start-time now
track 2 ip sla 1 reachability
 delay down 10 up 30
```

Zaɓi adireshin da ta wannan hanyar kaɗai ake isa gare shi, galibi na maƙwabcin da ke ɗaya bakin wayar. In ka zaɓi wanda A zai iya kaiwa ta bayan B, gwajin zai yi ta cin nasara ko da hanyar ta mutu. Layin `delay` yana hana amsa ɗaya da ta ɓace ta jawo sauyin jagora.

Wani lokaci ma ba a buƙatar sa idon: idan akwai hanyar rauta tsakanin A da B kuma OSPF na gudana a kai, A zai miƙa wa B fakitin da kansa. Zai yi aiki, sai dai duk kayan za su bi ta wayar tsakani, don haka a tabbatar tana da faɗin ɗauka.

Spanning Tree da rabon kaya

Jagoran rukuni da tushen Spanning Tree (suwic ɗin da ake auna hanyoyi daga gare shi) na wannan VLAN su zama suwic ɗaya. In A ne jagora amma B ne tushe, suwic ɗin da kwamfutoci ke jone da shi zai toshe hanyarsa ta zuwa A, fakiti ya hau B, ya ratsa wayar tsakani, sannan ya iso A. Babu abin da zai nuna ja, sai dai wayar tsakani ta yi ta cika ba a san dalili ba.

```
spanning-tree vlan 10 root primary
```

a A, sai `root secondary` a B. Don kada B ya zauna ba aikin fari ba na baƙi, a juya lamarin a VLAN 20: B ya samu fifiko 110 da tushe, A ya zama na ko-ta-kwana. Amma a tuna, ranar da ɗaya ya faɗi, ɗayan zai ɗauki kayan duka. In kowanne ya riga ya wuce rabin ƙarfinsa, ba ko-ta-kwana kake da shi ba.

Idan VRRP ne

A tsohon salon IOS, manhajar na'urorin Cisco, kusan sauya kalma ce kawai: `vrrp 10 ip 10.10.10.1`, `vrrp 10 priority 110`, `vrrp 10 preempt delay minimum 60`, `vrrp 10 track 1 decrement 20`. A IOS XE mai siga ta 3 tsarin ya ɗan canza:

```
fhrp version vrrp v3
!
interface Vlan10
 vrrp 10 address-family ipv4
  address 10.10.10.1 primary
  priority 110
  preempt delay minimum 60
  track 1 decrement 20
```

VRRP ba ya hawa UDP ko TCP, yana da lambarsa ta kansa a cikin IP, 112, yana aikawa zuwa 224.0.0.18. Lambar rukuni 1 zuwa 255 ce, MAC ɗin rukuni na 10 kuma 0000.5e00.010a. Fifikon da za ka iya sawa 1 zuwa 254 ne. Lamba 255 ta mai adireshi ce: VRRP ya yarda adireshin tarayya ya zama shi ne ainihin adireshin ɗaya daga cikin na'urorin, sai ta samu 255 kai tsaye. Yana rage cin adireshi ɗaya, amma ban ba da shawararsa ba, don mai 255 kullum yana ƙwace ragama da ya tashi kuma ba a rage masa fifiko da sa ido. Siga ta 3 ba ta da kalmar sirri sam, kariyarta ita ce tana ƙin duk sanarwar da TTL ɗinta (lambar da ke raguwa duk lokacin da fakiti ya ratsa rauta) bai kai 255 ba, wanda ke hana ta waje amma ba ya hana ta cikin VLAN.

Wani abu da ke ruɗa masu gwaji: bisa ƙa'idar VRRP, jagoran da ba shi ne mai adireshin ba ba dole ne ya amsa `ping` zuwa adireshin tarayya ba, ko da yana wuce da fakiti lafiya. A na'urorin Juniper sai an sa `accept-data` kafin ya amsa. Kada rashin amsar ya sa ka rushe saitin da ke aiki.

Saurin karɓa

`standby 10 timers 1 3` yana sauko da jiran HSRP zuwa daƙiƙa 3, kuma ga yawancin wurare ya wadatar. Ana iya sauka ƙasa da daƙiƙa, kamar `timers msec 250 msec 750`, amma kowace gaisuwa kwakwalwar suwic ce ke sarrafa ta. Da rukunai ɗari a kan irin wannan saurin, ɗan cunkoso kaɗan zai sa gaisuwa ta makara, jagoranci ya yi ta kai-komo ba tare da komai ya lalace ba. Lokutan su zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. A VRRP siga ta 2 ma wajibi ne, don sanarwar da tazararta ta saɓa watsi ake yi da ita.

Abubuwan da ke lalacewa

Fara da `show standby brief` ko `show vrrp brief` a duka biyun. Lafiya ita ce A ya nuna `Active` ya kuma ambaci adireshin B a matsayin na jira, B ya nuna `Standby` ya ambaci A.

In duka biyun suna cewa su ne jagora, kowanne yana nuna `unknown` a gurbin ɗan'uwansa, to gaisuwa ce ba ta isa. Dalilan ba su da yawa: an cire VLAN daga tirank, siga ta bambanta, lambar rukuni ta bambanta, kalmar sirri ba ɗaya ba, ko ACL (jerin dokokin tace fakiti) ɗin da ke kan VLAN yana tare UDP 1985 ko lamba 112. Na ƙarshen ya fi ɓuya, don an fi rubuta ACL da tunanin kwamfutoci, a manta cewa layin hanin da ke ƙarshensa yana kama gaisuwar ma. Alamar wajen masu amfani ita ce netwok na zuwa yana ɗaukewa, saboda MAC ɗaya yana fitowa daga kafa biyu.

In jagoranci na yawan sauyawa, duba kundin rahoto ka kwatanta lokutan `%HSRP-5-STATECHANGE` da sauye-sauyen Spanning Tree. Sau da yawa rukunin ba shi da laifi, shi ne dai ya fara kuka. Madauki a netwok, kafa mai tashi da faɗuwa, ko kwakwalwar suwic da ta cika, su ne asali.

Karon lambar rukuni ma yana faruwa. Sabobin Linux masu manhajar keepalived VRRP suke yi, kuma katangun tsaro masu CARP (wata ƙa'ida mai kama da VRRP), irin su pfSense, suna amfani da lamba 112 da jerin MAC iri ɗaya da VRRP. In kana VRRP kuma wani ya zaɓi lamba 10 a VLAN ɗaya da kai, MAC ɗinku na iya zama ɗaya. Maimaita lamba a VLAN daban-daban yawanci ba matsala, a cikin VLAN ɗaya ne ba a yi.

Akwai wata matsala mai wuyar ganewa da ke zuwa daga saɓanin hanyar tafiya da ta dawowa. Kwamfuta na fita ta A, amma amsa daga sama tana saukowa ta B. A IOS, ARP yana zama awa 4 kafin ya goge, teburin MAC kuwa daƙiƙa 300. B yana da ARP ɗin kwamfutar, amma tunda fakitinta ba sa bi ta kansa, bayan minti biyar zai manta kafar da take. Daga nan duk fakitin da ya zo mata sai ya watsa shi a dukkan kafofin VLAN ɗin. Za ka gane haka idan ka saurari wata kafa ka ga zirga-zirgar wasu da ba ta shafe ta ba. Gyaran shi ne a kusanto da lokutan biyu: ko `arp timeout 270` a kan VLAN ɗin, ko `mac address-table aging-time 14400`. Na farko yana ƙara yawan tambayoyin ARP, na biyu yana barin tsofaffin MAC su daɗe a teburi. A ƙaramin VLAN na farkon ya fi sauƙi.

Gwaji

Daga kwamfutar da ke VLAN 10 ka saki `ping` mai ci gaba zuwa wani adireshi da ke wajen VLAN ɗin, ba zuwa ƙofar ba. A Windows `ping -t` ne. Sai ka rufe kafar sama ta A, ka ga fifiko ya sauka 90 kuma B ya karɓa. Buɗe ta, ka jira jinkirin ya cika, ka ga A ya dawo.

Bayan haka a cire wa A wuta gaba ɗaya. Rufe VLAN da umarni bai isa gwaji ba, domin jagora mai sauka da saninsa yana sallama: HSRP yana aika saƙon murabus, VRRP yana shelanta fifiko 0, na ko-ta-kwana ya karɓa kusan nan take. Mutuwar gaske ba ta sallama, sai an jira lokacin jiran ya ƙare, kuma adadin amsoshin da suka ɓace a wannan gwajin shi ne ainihin abin da masu amfani za su gani. In ya zarce lokacin da ka saita da yawa, Spanning Tree ne ke sake lissafi. Duba ko sigoginsa masu sauri, Rapid PVST ko MST, ake gudanarwa, don tsohon 802.1D kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50.

Mayar da wutar, ka bar `ping` ɗin yana gudana har A ya gama tashi ya karɓi ragama. In amsoshi sun ɓace a wannan gaɓar, jinkirin da ka sa ya yi kaɗan, ƙara shi ka sake. Ka tabbatar ka yi `write memory` a suwic biyun kafin cire wutar, in ba haka ba A zai tashi babu rukunin a jikinsa.